Ciwon Sikila A Babban Gida: Laifin Wane Ne?

A ƙasar Kafanchan da kewayenta, daga Kagoro har Zonkwa da Kwoi, yawan 'ya'ya abin alfahari ne tun zamanin kakanni, gama acca da dawa da citta ba su noma kansu. Amma akwai gidajen da yawan haihuwa ya kan zo musu tare da yawan kuka. Mace ta haifi takwas, shida lafiyayyu, biyu kuwa tun suna goye hannuwansu da ƙafafunsu su kan kumbura, idanunsu su yi rawaya, zafin ƙashi ya hana su barci, ya hana dukan gida. Wannan shi ne amosanin jini, wanda yanzu a ke kira sikila. Abin da mu ke so mu bincika a wannan darasi shi ne, laifin wane ne?

Mutane ba su kan rasa amsa ba. Waɗansu su ce maita ce, su soma yi wa tsohuwar gida kallon banza. Mafi yawa kuwa a kan uwa su ke ɗora laifin, su ce jininta ne ba shi da kyau, har dangin miji su riƙa raɗa masa ya nemi wata.

Bari mu ji abin da masana su ka gano. A shekara ta 1910 wani likita a Amurka, James Herrick, ya wallafa bayani a kan wani majiyyaci wanda ƙwayoyin jininsa su ka lanƙwashe kamar lauje. Sunan sikila ma daga kalmar Turanci mai nufin lauje ya fito. Ƙwayoyin nan su kan maƙale cikin ƙananan hanyoyin jini, shi ke kawo azabar. Yaro ba ya samun ciwon sai ya gāji irin daga uba, ya kuma gāje shi daga uwa. Idan dukansu biyu masu jinin AS ne, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS, ko da na gabansa ya zo da ciwon. Ashe dai mijin da ke zargin matarsa, rabin abin daga jikinsa ya ke. A 1954 kuma Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai ɗauke da iri ɗaya ya fi jimre wa zazzaɓin cizon sauro. Watau abin da waɗansu ke kira la'ana, shi ya tsare kakanninmu da yawa daga mutuwa tun suna yara. Domin haka ne ya yawaita, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi, ana kuwa haifan jarirai wajen 150,000 da ciwon kowace shekara.

A Yohanna sura 9 almajirai sun yi irin tambayarmu a kan wanda a ka haifa makaho, ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Ubangiji ya ƙi duka biyu, ya juya hankalinsu ga aikin da za a yi.

Amma wani zai ce, "Wannan ga waɗanda su ka yi aure cikin rashin sani ke nan. Yanzu fa da a ke awon jini?" Tambaya ce mai nauyi, ba za mu kauce mata ba. Sani ya kan zo da alhaki. Saurayi da budurwa masu AS, idan su ka nace sai sun yi aure, su tuna ba a jikinsu azabar za ta sauka ba, a jikin yaron da ba a yi shawara da shi ba. Muna ganin daidai ne ekklesiyoyi su bukaci awo. Abin da ba mu ganin daidai ne ba, shi ne a bari sai an kai sadaki, an sa rana, kāna a aike su asibiti. A lokacin nan kunya ta kan rinjayi gaskiya, har waɗansu su nemi takardar ƙarya. A auna yara tun suna makaranta. Kada kuma awon ya zama sabuwar sandar dukan masu ciwon, gama mai SS da ya auri mai AA ba za su haifi mai SS ba.

Sa'ad da an kau da zancen laifi, sai a tarar da wata tambaya tana jira: wa zai ɗauki nauyin? A dā gandu ya kan ɗauka. 'Yan'uwan uba su yi noma, matansu su karɓi jinya. Yanzu samari sun tafi Kaduna da Abuja, gona ta rarrabu. A 2023 kuma cuta ta fāɗa wa citta a kudancin Kaduna, ta cinye amfanin da gidaje da yawa ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti da shi. A irin wannan shekara magidanci ya kan zauna yana lissafi: kuɗin ƙarin jinin ƙarami, ko kuɗin jarrabawar babba? Sau da yawa babbar 'ya ce a kan cire daga aji domin ta taimaki uwarta. Ba wanda ya kan tambaye ta, ita ma ba ta kan yi magana ba. Wannan rashin adalci ne, ko da shi ke bukata ce ta haife shi.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun yarda da wani sabon magani mai gyara ƙwayar halitta, amma kuɗinsa ya fi dala miliyan biyu ga mutum guda. Ba shi ne zai iso ƙauyukanmu gobe ba. Abin da ke rayar da yaro a nan ba shi da tsada haka: gidan sauro, shan ruwa da yawa, riga mai kauri da hunturu da lokacin ruwan Agusta, allurar rigakafi, folik asid da fenisilin, da haidroksiyuriya idan likita ya rubuta, a kuma gaggauta kai shi asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi, ko da tsakar dare ne.

Matan zumunta sun daɗe suna kai tuwo da itace gidan majiyyaci. Maza fa? Jinin da a ke nema da daddare a asibitin Kafanchan yana jikin masu AA da ke zaune a majami'a kowace Lahadi. Dattawa su rubuta sunayensu, su san kuma wanda ke da babur kusa da kowane gida mai irin wannan yaro.