Hukuncin ƙirƙirar jarumi a duniyar Naruto

Tambaya

Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne, shekarata 19. Tun ina yaro nake kallon katun ɗin Japan mai suna Naruto, kuma Allah ya hore mini zane. Masoyan wannan katun suna da wata al'ada: kowa ya ƙirƙiro jaruminsa wanda babu shi a ainihin labarin, ya ba shi suna da dangi da tarihi da irin ƙarfinsa, ya zana shi kamar yana cikin 'yan wasan. Ni ma na yi nawa. Na sa masa suna Hazo, na ce ɗan Ƙauyen Yashi ne, yana naɗa rawani, makaminsa ƙurar hunturu. A waya nake zana shi. Yanzu har wasu sun fara cewa in zana musu nasu su biya ni. Yayana ya gani, ya ce in goge, wai masu zane ne za su fi kowa shan azaba ranar ƙiyama. Hankalina ya tashi ƙwarai. Mene ne hukuncin abin da nake yi, kuma kuɗin halal ne?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, yayanka ba daga kansa ya faɗi wannan magana ba. Hadisin da ya tsoratar da kai da shi yana cikin Buhari da Muslim, kuma yana da 'yan'uwa. Ya tabbata cewa za a umarci masu suranta abu mai rai su busa masa rai, alhali ba za su iya ba. Ya tabbata cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta taɓa rataya labule mai hotuna, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya gani fuskarsa ta canza, har aka yanka labulen aka yi matashin kai da shi. Wani mai sana'ar zane kuma ya je wurin Ibn Abbas, da ya ji hadisin sai jikinsa ya yi sanyi, Ibn Abbas ya ce masa in ba makawa ya riƙa zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. A kan waɗannan dalilai Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya ce suranta mai rai haramun ne, ko yana da inuwa ko ba shi da ita. Mafi yawan Shafi'awa da Hanafawa da Hambalawa a nan suka tsaya.

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Wannan hadisi na mala'iku, Zaidu ɗan Halidu ne ya ruwaito shi daga Abu Ɗalha. Daga baya Zaidu ya kwanta rashin lafiya, almajirai biyu suka je gaishe shi, sai ga labule mai hoto a ƙofarsa. Ɗayan ya yi mamaki, ɗayan ya tuna masa cewa a cikin hadisin da kansa an togace zanen da ke jikin tufa. Wannan ƙissa ma tana cikin Buhari da Muslim. Haka kuma an ruwaito da isnadi ingantacce cewa Alƙasim ɗan Muhammadu, jikan Sayyidina Abubakar, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, an ga kyalle mai hotunan dabbobi a ɗakinsa, ciki har da tsuntsun almara da Larabawa ke kira anƙa'u. Shi ne kuwa wanda ya ruwaito hadisin labulen daga gwaggonsa A'isha. Saboda haka Ibn Hajar, duk da kasancewarsa Bashafi'e, bai yarda a kira ra'ayin halatta zanen da ba shi da inuwa ɓatacce kai tsaye ba.

Mazhabar da muka tashi a kanta, ta Imamu Malik, ta nan ta bi. Abin da malamanmu suka haramta shi ne surar mai rai wadda take da jiki, wato mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, irin gunki ko mutum-mutumi. Zanen da yake a shimfiɗe, a takarda ko bango ko tufa, sun ce makaruhi ne idan an ɗaukaka shi, idan kuwa a wulaƙance yake, kamar na kan shimfiɗar da ake takawa, to barinsa ne kawai ya fi. Haka Shehu Dardir ya tsara shi a babin walima, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta kan asalin wannan rarrabewa a babukan ƙarshe. Dalilinsu a fili yake. Abin da ya jefa mutanen Annabi Nuhu cikin shirka siffofin mutanen kirki ne da aka kafa don tunawa, har zamani ya juya aka bauta musu. Abin da aka kafa yake tsaye da jikinsa shi ne ƙofar wannan haɗari, shi ne kuma ya fi kama da gasa da halittar Allah.

To abin da nake ba ka fatawa da shi shi ne: zana Hazo a waya ko a takarda bai kai haramun ba, iyakarsa karhanci. Idan kana son fita daga saɓani gaba ɗaya, ka riƙa zana shi a yanayin da surar ba ta cika ba. Rawanin nan da ka naɗa masa ma ya sauƙaƙa maka, domin idan amawali ya rufe fuska ko ya juya baya, ka kusanci abin da ko masu tsanantawa suke sassauci a kai. Abu biyu kuma kada ka fake da su. Kada ka ce ai na waya haske ne ba zane ba. Hannunka ne ya ja layin nan, hukuncinsa hukuncin zane ne. Kada kuma ka kawo hujja da 'yan tsanan Nana A'isha da dokinta mai fukafukai, domin wannan rangwame ne na wasan yara, kai kuwa ka balaga. Abin da ba ni da wani sassauci a kai shi ne ka sassaƙa shi, ko ka ƙera shi da yumɓu ko roba, ko ka sa injin nan mai fitar da siffa da jikinta ya fitar maka da shi cikakke. A nan Malikawa da sauran mazhabobi bakinsu ɗaya. Kada kuma ka manna shi a bangon ɗakin da kake kwana kake salla. Annabi ya sa an kawar da wani labule saboda zanensa yana gilma masa a cikin salla.

Ƙirƙirar mutumin da babu shi da labarin da bai faru ba kuwa, wannan ba ƙarya ba ce a shari'a, matuƙar mai ji ya san ƙirƙira ce. Maƙamatul Hariri da manyan malamanmu suke karantarwa a zaure ɗaruruwan shekaru, a kan mutane biyu ƙirƙirarru aka gina shi, Abu Zaidu Assaruji da Harisu ɗan Hammamu. Kakanninmu sun yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, Abubakar Imam ya sa aku ya zama waziri a Magana Jari Ce, ba wanda ya kira su maƙaryata.

Yanzu ga wurin da na fi jin tsoro, kuma shi ne ba ka tambaya ba. Kai da yayanka duk kun tsaya a kan layin zane, ni kuwa abin da za ka zuba a cikin Hazo ya fi damuna. Duniyar da ka sa shi a ciki ba fili ce fayau ba. Masashi Kishimoto, wanda ya fara fitar da labarin a 1999, ya ɗebo abubuwa da yawa daga addinan ƙasarsa da na maƙwabtanta. Manyan dabarun faɗa na dangin Uchiha, irin su Amaterasu da Tsukuyomi da Susanoo, sunayen abubuwan bauta ne na addinin Shinto: ta rana, na wata, da na guguwa. Izanagi da Izanami, waɗanda su ma sunayen dabaru ne a labarin, su ne waɗanda tatsuniyar addininsu ta ce sun samar da tsibiran Japan. Kalmar chakra kanta daga addinan Indiya ta fito. A cikin labarin akwai dabarar da ake kiran abin bautar mutuwa ya zare ran mutum, akwai wadda ake dawo da matattu duniya ta hanyar sadaukar da mai rai, akwai Hidan da yake zubar da jini don abin bautarsa Jashin, sannan an gina ƙarshen labarin a kan cewa wani abu na Indra da Asura yana sake dawowa a jikin na baya, zuriya bayan zuriya, har ya iso ga Sasuke da Naruto.

Malamai suna cewa mai hakaito kafirci bai zama kafiri ba, kuma gaskiya ne. Amma mai kallo daban, mai ƙirƙira daban. Mai kallo an kawo masa ne, yana iya ƙi a zuciyarsa. Kai kuwa kai za ka zauna ka zaɓa wa Hazo abin da zai iya da wanda zai kira idan ya shiga tsanani, kai za ka ƙawata shi har yara su so shi. Saboda haka ka raba abu biyu. Akwai ƙarfin almara: ya yi gudu a jikin bango, ya tayar da ƙura ta rufe rundunar abokan gaba, ya yi tsalle ya haye dutse. Wannan zuzutawa ce irin ta tatsuniya, ba ta taɓa aƙida, ban ga laifi a cikinta ba. Akwai kuma abin da yake haƙƙin Allah ne shi kaɗai, ko aikin masu tsafi: rayar da matattu, sanin gaibu, juya ƙaddara, kiran wani abin bauta, yanka don samun ƙarfi, komawar rai daga jiki zuwa jiki. Wannan haramun ne ka ba jaruminka shi a matsayin abin burgewa, ko da zanen kansa halal ne tsantsa. Da ma rubutu kawai ka yi babu hoto ko ɗaya, hukuncin bai canza ba.

Akwai kuskure na biyu da masu kyakkyawar niyya suke faɗawa. Yaro ya ga jaruminsa Musulmi ne, sai ya ce bari ya musuluntar da ƙarfinsa: ya karanta aya wuta ta fito daga hannunsa, ko ya zana hatimi a ƙasa aljani ya bayyana. Wallahi wannan ya fi na farko muni. Alƙur'ani ba kayan wasa ba ne, kuma haɗa shi da siddabaru yana koya wa yara cewa aya da tsafi abu ɗaya ne. Kada ka sa masa suna daga sunayen Allah ko siffofinsa. Wani marubuci ɗan Kuwait ya gina jaruman littafinsa The 99 a kan haka, ya sha suka daga malamai. Kada ka zana Annabi ko sahabi ko mala'ika, ko ka yi wani jarumi da kowa zai gane su kake nufi. In kana son musuluncin Hazo ya bayyana, ya bayyana a halinsa: ya cika alkawari, ya ji ƙan na ƙasa da shi, ya bi iyayensa, ya ƙi cin amana ko da za a kashe shi.

Batun tsiraici ba ya buƙatar dogon bayani. Ka san yadda ake zana mata a yawancin irin waɗannan katun, ka kuma san dabarar nan ta Naruto da yake rikiɗa ya zama mace tsirara don ya ruɗa manya. Zana al'aura, ko suturar da ke fito da surar jiki don tayar da sha'awa, ko haɗa jaruminka da wata a labarin soyayyar da ta ƙetare iyaka, duk haramun ne, kuma a nan ne masu ba ka aiki za su fi jarraba ka.

Kuɗin yana bin hukuncin aikin. Wanda ya kawo maka jarumin da ya tsira daga abubuwan da na lissafa, ladanka halal ne a ra'ayin da na rinjayar, ko da yake sana'ar da babu karhanci a cikinta ta fi. Wanda ya kawo mai tsiraici ko mai shirka, ka mayar masa da kuɗinsa komai yawansu. Sannan akwai haƙƙin masu abin. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa, kuma kasancewar mai shi ba Musulmi ba bai halatta cin haƙƙinsa ba. Kamfanonin Japan sun saba kawar da kai daga zanen da masoya suke yi don sha'awa, har akwai babbar kasuwarsa da ake ci a Tokyo tun 1975, amma kawar da kai ba sallamawa ba ce. Aikin hannunka a kan Hazo naka ne. Buga Naruto ko Gaara ko tambarin ƙauyukansu a riga kana sayarwa ba naka ba ne, haka ma kwafe zanen wani ka sa sunanka.

Shawarata, wadda ba fatawa ba ce, ka fitar da Hazo daga Ƙauyen Yashi ka kawo shi gida. Yaron da ya iya tunanin mayar da ƙurar hunturu makami zai iya gina masa duniyarsa: ayarin fatake a hanyar Gwanja, ganuwar Kano da ƙofofinta, 'yan sulke da 'yan lifidi. A nan babu mai haƙƙi a kanka, babu kuma aƙidar wani da za ka riƙa tsallakewa.

Ka kuma riƙa lissafin lokacinka. Katun ɗin Naruto kashi biyu ne, sun kai fitowa 720, sama da awa 270 ke nan na kallo kawai, ban da zane. Duk ranar da ka ga salla ta fita lokacinta ko karatunka ya ja baya saboda shi, to a ranar ya haramta a gare ka har sai ka gyara.

Yayanka kuma kada ka kai masa wannan amsa kamar wanda ya ci nasara a shari'a. Ra'ayin da ya riƙe na manyan malamai ne, tsoron Allah ne kuma ya sa ya yi maka magana. Ka zauna da shi cikin ladabi ku karanta tare. Mas'ala ce ta saɓani, ba a tsananta inkari a cikinta, shi kada ya kira ka ɗan wuta, kai kada ka kira shi mai tsauri. Amma idan mahaifinka ko mahaifiyarka ne suka ce ka bari, to ka bari, domin bin su wajibi ne, zanen kuwa ko a ra'ayi mafi sauƙi bai wuce abin da aka yi rangwame a kansa ba.

Wallahu a'alam.