Shin Hali Ne Ke Jawo Wa Mutum Cuta?

'Yan'uwa, idan hawan jini ko ciwon sukari ya kama wani a unguwa, mukan ji ana cewa, "Ai zafin ransa ne ya ja masa." Ya kamata mu auna wannan magana, gama da ita ake ɗora wa majiyyaci kaya biyu: ciwo da zargi.

Ba mu kaɗai ke da wannan tunani ba. Likitocin Girkawa na dā, irin su Galen, sun koyar cewa ruwaye huɗu ne a jikin ɗan Adam, su ne kuma ke tsara halinsa da cutarsa. Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin sun haɗa fushi da hanta, baƙin ciki kuma da huhu. A 1959, likitocin zuciya biyu a Amurka, Meyer Friedman da Ray Rosenman, suka ce mai gaggawa da son gasa ya fi kamuwa da ciwon zuciya. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da maganar duka ba. Abin da ya fi tsayawa shi ne yawan fushi da riƙo, waɗanda ke sa zuciya bugawa da sauri, jini kuma ya hau.

Sau da yawa hali ake zargi kafin a gano ainihin dalilin cuta. An daɗe ana danganta tarin fuka da baƙin ciki, har Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882. An ɗora gyambon ciki a kan damuwa, har Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa ƙwayar cuta ce ke jawo yawancinsa. Sikila kuwa gado ce daga uwa da uba, babu ruwanta da halin yaro.

Duk da haka, hali yana da nasa rabo. Wani bincike da aka fara a Kaliforniya a 1921 ya bi rayuwar yara wajen 1,500 har tsufansu. An ga cewa masu natsuwa da kiyaye ka'ida sun fi tsawon rai. Ɗaya daga cikin dalilan a fili yake: irin wannan mutum yakan sha magani a kan lokaci, yakan guji taba da yawan giya.

To, me ya wajaba a kanmu? Wannan sani madubi ne na duba kanmu. Ba a ba mu shi domin mu shari'anta maƙwabci ba. Sau da yawa ciwon ne ke sauya hali: wanda ya shekara ba ya samun barci dole ya zama mai saurin fushi. Wanda kuma ya daina shan magani, wataƙila kuɗi ne suka ƙare, ba sakaci ba. Abokan Ayuba sun nace cewa laifinsa ne ya ja masa wahala, Allah kuwa ya tsauta musu. Yesu ma, a Yohanna sura 9, ya ƙi ɗora makantar mutumin a kan zunubinsa ko na iyayensa.

Saboda haka, bari kowa ya yaƙi fushinsa, ya riƙa auna jininsa a asibiti, masu shirin aure kuma su yi gwajin sikila. Idan mun je gaida marar lafiya, mu tambaye shi ko yana da magani da abinci, mu bar binciken laifinsa.