Gadon Amarya da Alkawarin Kafinta



'Yan'uwa, kaka ta yi, doya da riɗi sun shiga kasuwa, kuɗi ya zo hannu, saura bukukuwan aure. Kuma duk shekara a daidai wannan lokaci, ƙarar da ta fi zuwa gaban dattawan masallacin nan namu na Ashige ita ce ta kayan ɗaki.

Kwanan baya wani bawan Allah ya sayar da riɗinsa, ya kai wa kafinta kafin alƙalami tun saura wata biyu biki, a kan gado da sif da madubi da kujeru. Ranar jere mata suka taru, babu gado. Yarinya ta kwana a katifa a ƙasa, dangin miji na ta ƙus-ƙus, uban kuwa har ya daina zama majalisa don kunya. Kafintan namu ne, sahu ɗaya muke tsayawa da shi. Da aka tambaye shi sai ya ce kuɗin ya shiga aikin wani mutum da ya riga ya ci kuɗinsa tun bara. An sasanta, ba za mu kama suna ba, amma maganar ta shafe mu duka.

Kada wani ya ɗauka raina sana'ar muke yi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne. Annabi Nuhu da hannunsa ya sassaƙa jirgi bisa umarnin Ubangiji, suratul Ƙamar ma ta ambaci alluna da ƙusoshin jirgin. Mumbarin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, shi ma aikin oda ne. Bukhari ya kawo hadisin Sahlu ɗan Sa'ad cewa Annabi ya aika wa wata mata a Madina cewa ta sa yaronta kafinta ya yi masa abin da zai riƙa zama a kai idan zai yi wa mutane magana. Yaron ya samo itace daga Gaba, wani kurmi a wajen gari, ya yi mumbari mai matakala uku, aka kawo masallaci, Annabi ya hau. Mu ma nan, ƙofar da muka shigo ta cikinta, da allon yaranmu, da makarar da za a ɗauke mu a kai, duk daga hannun mai zarto da guduma suka fito.

To mai sana'a irin wannan, me ya kai shi ga "gobe in sha Allahu" alhali ya san ko katakon bai sayo ba? Saɓa alkawari na cikin alamomin munafunci uku da hadisi ya lissafa, kuma jingina wa Allah ƙaryar ya fi muni. Idan aiki ya yi maka yawa, malam, ka ce ba za ka iya ba kafin ranar. Mutum zai ji haushi na yini ɗaya, ya tafi Lafiya ko Assakio ya ba wani.

Sai algus, wanda a aikin katako ya fi ko'ina sauƙin ɓoyewa, don fenti da yadi suna rufe komai. An yi ciniki a kan maɗaci, sai a sa malaina a shafe. Ko a yi aiki da ɗanyen katako, iskar hunturu na kaɗawa ya tsage, ƙofar sif ta ƙi rufuwa. Ko a cusa guntayen da ƙwaro ya ci a cikin kujera, a lulluɓe da soso. Mun san labarin tulin abincin da Annabi ya zura hannu a ciki ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai ha'inci. Mun sani katako mai kyau ya yi tsada, madobiya an kwashe ta zuwa ƙasar Sin, ƙirya kuma masu gawayi sun tasa ta gaba. Wannan dalili ne na faɗin gaskiyar farashi. Malaina halal ce, a dai kira ta da sunanta.

Akwai kuma hukuncin da da yawa ba su sani ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai sana'a shi ke da lamunin kayan da aka kai masa ya tafi da su wurin aikinsa, ko da lada yake yi ko kyauta. Wato kujerar da aka kawo maka gyara ka bar ta a waje ruwa ya dake ta, biya ya hau kanka.

Mu masu ba da aiki ma ba mu fita ba. Sau nawa aka kai kaya gida, aka sha biki, aka yi liƙi, cikon kafinta kuwa sai "bayan an sayar da doya"? Shi kuma yana da yaran shago da ke jiran na abinci, da bashin mai katako a wuyansa. Jinkirin biyan bashi ga mai hali zalunci ne, haka Bukhari da Muslim suka ruwaito. Sau da yawa wannan cikon da muka riƙe shi ke sa kafinta taɓa kuɗin wani, sai a yi ta rufe rami da ƙasar wani ramin.

Kuma mu tuna mu baƙi ne. Daga Kano, Katsina, Zazzau da Sakkwato muka zo neman halal, maƙwabtanmu Eggon da Alago da Migili da Tibi suka karɓe mu, musulminsu da kiristansu. Wanda ba ya shigowa masallaci ba zai ji huɗuba ba, amma kullum yana zaune a kan bencin da ɗayanmu ya yi masa. In ƙafa ta karye a wata uku, ba sunan kafintan zai kama ba, sunanmu zai kama gaba ɗaya.

Don haka dattawa sun tsayar da shawara, bisa aya ta 282 a suratul Baƙara da ta yi umarni da rubuta bashi. Duk aikin da za a ba da kafin alƙalami, a rubuta irin katakon, da yawan kayan, da abin da aka biya, da saura, da ranar karɓa, shaidu biyu su sa hannu. Wanda bai iya boko ba a rubuta masa da ajami, ladan na da littafin. Kafintoci da masu aurar da 'ya'ya a bana, ana neman ku ranar Lahadi bayan La'asar a harabar masallaci. Ku zo da ma'auni kuma, hannun makara ɗaya ya fara motsi. Allah ya sa albarka a nemanmu, amin.