Tabon da Ya Lotsa: Hukuncinsa da Maganinsa

 

Tsofaffin Damargu sun san zanzana, ramukan da agana ke bari a fuska, kafin Allah Ya kawar da cutar daga duniya, aka shelanta haka a 1980. Yau ramukan da ake gani a kumatun samari da ƴan mata, daga Tanut har Belbeji, na ƙurajen balaga ne. Ƙurji ya yi zurfi, ya cinye naman da ke tallafe da fata, sai wurin ya warke a lotse.

Wasu na jin tsoron neman magani, wai canza halitta ne. Ba haka ba ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfaja ɗan As'ad a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umurce shi da sa na zinariya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta halatta gyaran aibin da cuta ko ƙuna suka jawo. Mayar da fuska kamanninta na asali ba jayayya ba ce da Mahalicci.

Amma a faɗi gaskiya: man shafawa ba ya cike rami. Tabo mai faɗi, wanda jijiyoyin tabo suka ɗaure daga ƙasa, likita kan zura allura ya tsinke su, fata ta taso. Mai baki siriri da zurfi, akan ɗiga masa ruwan magani mai ƙuna a ƙasan ramin kaɗai, ko a yanke shi a ɗinke. Akwai tsattsaga fata da ƙananan allurai don ta yi sabon nama, akwai hasken leza. Duka suna son maimaici, kuma sauƙi suke kawowa, ba shafewa ba. Baƙar fata kuwa, idan hannun bai ƙware ba, sai ta ƙara duhu a wurin, ranar Damargu ta daɗa ƙona ta. Ba aikin wanzami ba ne, duk da girman sana'arsa. Na likitan fata ne, a Damagaram ko Yamai, ko Kano ga mai hali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne man bilicin da ake sayarwa a kasuwanni irin ta Bakin Birji. Yarinya ta saya don ta ɓoye tabo, alhali da yawansa na ɗauke da sinadarin da ke siranta fata, ya tayar da sababbin ƙuraje. Iyaye, ku hana matsa ƙurji da farce, ku kai yaro likita tun ƙurajen na ɗanye, lokacin da maganin bai fi ƙarfin manomin gero ba. Mai ciki kuma ta faɗa wa likita halinta, don cikin ƙwayoyin ƙuraje akwai mai nakasa ɗan tayi.