Uwa, Koya wa Ɗiyarki Tambayar "Wa Ya Faɗa?"

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) wanda ya ɗaukaka ɗan Adam da ilimi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.



Wata rana bayan mun tashi daga karatun matan aure a nan Ka'oje, wata baiwar Allah ta ja ni gefe, idonta cike da ƙwalla. Ɗiyarta ta gama sakandare, an sayar da akuya an yi mata rajistar JAMB, an biya kuɗin mota har Birnin Kebbi. Ranar jarrabawa ita ce ranar da yarinyar ta fara zama gaban kwamfuta. Kafin ta gano inda ake dannawa, rabin lokaci ya tafi. Uwar ta ce, "Malama, wallahi ɗiyar ga ta san karatu, na'ura ce ta kada ta."

Wannan kuka ba nata ba ne ita kaɗai. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, sai ta kwamfuta. A 2024 WAEC ma ta fara gwada hakan ga masu zama na kashin kansu. Yarinyar da Allah ya ba gurbi a jami'ar Aliero ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ta intanet za ta yi rajista, ta nan za ta nemo littattafan binciken kammala karatu. Saboda haka batun a koya ko kada a koya ya wuce. Abin da ya rage shi ne, yaya za a koya?

Mun kasu biyu. Wata ta ce waya shaiɗan ce, ta hana ɗungurum. Wata kuma ta saya wa ɗiya waya, ta sa mata data, ta juya baya. Dukansu akwai gyara. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma ɗiyarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, jajis suna kai ilimi ga mata har ƙauyuka. Amma fa jaji ba ta koyar da abin da ta tsinta a hanya, sai abin da ta karɓo daga malamarta. Ga darasin nan.

Yanar gizo kamar kasuwa take, akwai mai kyau, akwai jabu. Ke da kanki idan aka kawo miki atamfa daga iyakar Tsamiya, sai kin murza ta kin duba bakinta kafin ki biya. Mai canjin sefa kuwa sau biyu yake ƙirgawa. To, don me za mu tantance zane, amma mu haɗiye magana ba tauna?

A Suratul Hujurati aya ta 6, Allah ya umarce mu da mu binciki labarin da wanda ba amintacce ba ya kawo, don kada mu cuci wasu cikin rashin sani mu dawo muna da na sani. A Suratul Isra'i aya ta 36 kuma an tunatar da mu cewa kunne da ido da zuciya duk za a yi tambaya a kansu. Ku tuna ƙazafin da aka yi wa uwarmu Nana A'isha (RA). Daga baki zuwa baki ya yaɗu a Madina, kusan wata guda tana cikin baƙin ciki, har Allah ya wanke ta a Suratun Nur. Wancan lokacin babu waya. Ina ga yau da dannawa ɗaya take kai ƙarya gida ɗari? Mun gani a watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane da dama sun kwanta asibiti, wasu sun rasa rayukansu.

Bincike kuwa gadonmu ne. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi (RA) tafiyar wata guda ya yi zuwa Sham don ya ji hadisi ɗaya daga bakin wanda ya ji shi. Imamu Bukhari ya shafe shekara 16 yana tace Sahihinsa, yana bin kowane mai ruwaya: wane ne shi, a wurin wa ya ji, yana da gaskiya da riƙo? Wannan ilimin isnadi shi ne abin da ɗalibin yau yake bukata a gaban na'ura.

Ko ba ki iya boko ba, za ki iya koya wa 'ya'yanki waɗannan:

1. Duk abin da suka gani, su tambayi wa ya faɗa, yaushe, kuma ina hujjarsa. Labarin jarrabawa a ɗauke shi daga shafin hukumar kanta. Mai cewa a turo kuɗi zai ƙara maki ko ya kawo amsa, macuci ne, kuma satar amsa haramun ce.

2. Kada a tsaya ga wuri ɗaya. A gwada magana a wurare biyu ko uku, a haɗa da littafin makaranta. Manhajojin da ke ba da amsa nan take, irin su ChatGPT, suna taimakawa, amma sukan ƙirƙiro abin da babu shi, har da hadisi.

3. Abin da ya shafi addini, a nemi sunan littafi da babi, sannan a kai wa malami ko malama. Saƙon da ya ce "tura wa mutum goma ko masifa ta same ki" ba shi da asali, a goge shi.

4. Ilimi amana ne. Wanda ya kwafo aikin wani ya sa sunansa ya ci amana. A ambaci mai magana.

5. Waya ta zauna a tsakar gida, ba cikin ɗaki da tsakar dare ba. Kada a ba baƙo hoto, ko lambar NIN, ko lambar sirri ta banki. Idan an kira salla a ajiye. Wannan doka ta haɗa da 'ya'ya maza.

Sannan ki zauna kusa da ita ki ce, "Nuna mini abin da kika koya yau." Ke ma kya ƙaru. Ki shawarci maigida cikin lalama kan kuɗin koyon kwamfuta lokacin hutu. Mu da muke adashi don biki da suna, me zai hana mu ware kwasa ɗaya don yaranmu su koya tun kafin ranar jarrabawa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ita wannan baiwar Allah haka ta yi. Yanzu ɗiyarta tana zuwa koyo sau uku a mako, tana shirin sake zama. Mu sa ta a addu'a.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare idanunmu da harsunanmu da yatsunmu, ya shirya mana zuri'a. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum warahmatullah.