Kyanwar da Ba Ta Zubar da Gashi

A Abare ba a zaɓen kyanwa. Ita ce take shigowa ta magudanar ruwa ko ta kan katanga, ta leƙa rumbu, ta ga ko akwai ɓera, in gidan ya yi mata sai ta zauna. Shi ya sa nake jinjina tambayar da ta fara yawa a bakin 'yan birni masu kujerun falo da darduma, wato wace irin kyanwa ce ba ta zubar da gashi. Tambaya ce ta tsabtar ɗaki, amma akwai wata a ƙarƙashinta: shin ya dace mutum ya auna mai rai da ƙarancin wahalar da zai ba shi?

Ba zan yi wa mai tambayar rashin adalci ba. Wanda ɗansa ke fama da asma yana da hujja, haka ma matar da shara da wanki suke kanta ita kaɗai. Sai dai masana sun nuna cewa abin da ke tayar da atishawa da ƙaiƙayin ido yana fitowa ne daga yawun kyanwa da maiƙon fatarta, gashin ɗan aike ne kawai da ke yawo da shi bayan ta lashe jikinta. Saboda haka ko an sami marar gashi, ba a rabu da Bukar ba. Akwai irinta kuwa. A 1966 aka haifi wata kyanwa tsirara a birnin Toronto na Kanada, masu kiwo suka yi ta haɗa irinta har aka sami jinsin da ake kira Sphynx. Ba ta ɓata kujera da gashi, amma sanyi na kama ta, rana na ƙona ta, kuma dole a riƙa yi mata wanka domin maiƙon da gashi ya kamata ya shanye yana taruwa a fatarta. A ganina wahalar ba ta gushe ba, an dai sauke ta daga kan mai tsintsiya an ɗora wa dabbar da ba ta da bakin cewa ba ta yarda ba.

Malamanmu na zaure suna karantar da cewa kyanwa ba najasa ba ce, ruwan da ta sha ma ana alwala da shi, domin tana cikin masu kai da komo a tsakaninmu. Suna kuma tsoratar da mu da labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Abin da na fahimta shi ne, an karɓi kyanwa a gida tare da ɗabi'arta, kuma zubar gashi yana cikin ɗabi'ar.

Duk da haka, ɗan Abare bai isa ya yi wa maganar gashi dariya ba, domin garinmu ya san abin da ƙura ke iya yi. A farkon 2010, lokacin da zinariya ta yi tsada, maza suna kawo dutse daga ramuka, ana daka shi ana niƙa shi a cikin gidaje, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi. Dutsen cike yake da dalma. Ƙurarsa ta kwanta a tsakar gida, a kan tabarma, a hannun yaro mai rarrafe wanda komai ya ɗauka baki yake kaiwa. Agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Daga baya yara suka shiga jijjiga. A watan Maris na shekarar likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mace-macen, kuma kafin a shawo kan lamarin yara sama da 400 sun rasu a Abare da Dareta da Sunke da Bagega a yankin Anka, da 'Yargalma a yankin Bukkuyum, da wasu ƙauyukan. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka kwashe aka binne, aka zuba sabuwa.

Gidajen nan kuwa sharrarru ne. Matansu suna shara safe da yamma, ba za ka ga tsinke a ƙasa ba. Wannan ne ya sa na daina yarda da cewa ido ne alƙalin tsabta. Gashin kyanwa a kan baƙar riga yana ɓata rai saboda ana ganin sa, ita kuwa ƙurar da ta cinye 'ya'yanmu launinta ɗaya da ƙasar da muka taso a kanta.

A nan maganar gashi ta sami nauyin gaske. Kyanwa takan yi birgima a ƙasa, ta bi inda ake niƙa, sannan ta dawo ta kwanta kusa da jariri, kuma gashinta na iya ɗauko abin da ta kwanta a kai. Uwar da ta kore ta daga shimfiɗar ɗanta ba ta zalunce ta ba, haƙƙin yaro ne ya rinjayi nata. Amma dabbar ba ta ƙirƙiri gubar ba, ita ma haɗiye ta take yi duk lokacin da ta lashe jikinta. Da za a kawo Sphynx Abare a 2010, da yaran ba su tsira ba, domin ƙasar da suke rarrafe a kanta ita ce ta gurɓace.

Abin da ma'aikatan lafiya suka nanata a lokacin bai wuce ikon talaka ba: a fitar da niƙan dutse bayan gari, mai aikin rami ya wanke jiki ya sauya tufafi kafin ya shiga gida, a wanke hannun yaro kafin ya ci abinci, a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya. Wannan yayyafin, wanda kakanninmu suke yi tun kafin a san sunan dalma, shi ne kuma yake hana gashi tashi. Kyanwar ƙauye gajeren gashi gare ta, jiƙaƙƙen tsumma ya isa ya share abin da ta bari a tabarma, kuma idan zafin bazara ya sa zubar ta ƙaru, shafa bayanta da hannu mai danshi sau ɗaya a yini yana rage aikin da ido ke gani. Sauran kuwa na mai gida ne, kamar yadda ɓerayen rumbu suke nata.