Rawa a Kan Kukan Wani: Ko Wasan Taimako Sadaka Ne?

Gabatarwa

A daren 7 ga watan Yuli na 1993 aka kashe wata mawaƙiya mai suna Mia Zapata a birnin Seattle na ƙasar Amurka, tana kan hanyarta ta komawa gida. Shekarunta 27, kuma ita ce zabiyar wata ƙaramar ƙungiyar makaɗan rok da ake kira The Gits. Shi rok kiɗa ne na samarin Amurka da Turai, wanda ake yi da gita mai lantarki da ganguna, cikin ƙara mai cika kunne. 'Yan sanda sun yi iya bincikensu, ba su gano wanda ya yi kisan ba. Ganin haka sai makaɗan garin, waɗanda suka saba haɗuwa da ita a ƙananan gidajen wasa, suka shiga shirya wasanni suna tara kuɗin ƙofa. Har ƙungiyar Nirvana, wadda sunanta ya riga ya game duniya, ta hau dandamali a ɗaya daga cikin wasannin a watan Agusta na shekarar. Da abin da aka tara aka ɗauki wata mai bincike mai zaman kanta, wasu ƙawayen marigayiyar kuma suka kafa ƙungiyar Home Alive domin koya wa mata dabarun kare kai.

Wata guda ke nan da yin makoki, ga samari da 'yan mata suna tsalle suna ihu da sunan wadda aka kashe. A kan wannan hoto ne wannan 'yar muƙala za ta yi tambaya: shin abin da aka tara ta hanyar kiɗa da rawa ya cancanci a kira shi sadaka, ko kuwa shagali ne kawai aka sanya wa rigar tausayi?

Hujjar masu suka

Mai suka zai fara da niyya. Zai ce wanda ya biya kuɗin ƙofa ya karɓi abin da ya biya, wato daɗin kiɗa na dare guda, saboda haka ciniki ya yi. Zai ƙara da cewa mu an yi mana tarbiyya a kan cewa mafificiyar kyauta ita ce wadda aka ɓoye, alhali wasan taimako ba ya yiwuwa sai da shela da fitilu da tafi. Shi kansa makaɗin yakan koma gida da suna fiye da wanda ya zo da shi. Daɗin daɗawa, akwai batun kunya: yaya mutum zai taka rawa alhali dalilin taron gawa ce ko yunwa? Waɗannan hujjoji ne masu nauyi, bai kamata mu wuce su da murmushi ba.

Sai dai idan muka waiwayi gida, za mu ga cewa Bahaushe ya daɗe da amsa wani ɓangare na tambayar. A wurin gayya, mai gangar noma ba ya riƙe fartanya, amma da kiɗansa da kirarinsa ake gama gonar da mutum ɗaya zai kwana goma a cikinta. Wani saurayin ya zo ne don a wasa shi, wani don 'yan mata na kallo. Duk da haka babu mai cewa ba a nome gonar ba. Haka kuma muna da ajo, inda ake kiran makaɗa a yi wasa domin a tara wa wanda hidima ta taso wa abin da zai fita kunya. Zuciyar ɗan Adam ba ta cika zuwa da niyya guda tsantsa ba. Da za a jira sai niyyar kowa ta tsarkaka kafin a karɓi taimakonsa, da mabuƙata da yawa sun kwana da yunwa. Hukuncin niyya yana tsakanin mai bayarwa da Mahaliccinsa. Abin da ya rage a hannunmu mu auna shi ne abin da ya isa ga wanda aka taru dominsa, da kuma halin da aka bar mutuncinsa a ciki.

Idan wasa ya girma

A nan ne manyan wasanni suke da darasi. A ranar 1 ga watan Agusta na 1971, George Harrison da Ravi Shankar suka shirya wasa a New York domin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash. An tara kusan dala 243,000 a ƙofa, aka miƙa wa UNICEF. Amma kuɗi masu yawa na faifai da fim sun maƙale shekara da shekaru a hannun hukumar haraji ta Amurka, domin ba a yi wa taron rajistar aikin agaji tun da farko ba. Niyya ta yi kyau, tsari ya gaza, masu jiran abinci kuwa ba su da halin jira.

A watan Oktoba na 1984 gidan talabijin na BBC ya nuna halin da mutane ke ciki a Korem, a arewacin Habasha. Wannan ne ya motsa Bob Geldof da Midge Ure suka haɗa mawaƙa aka yi faifan Band Aid, sannan a ranar 13 ga watan Yuli na 1985 aka yi wasan Live Aid a filin Wembley na Landan, inda mutum 72,000 suka hallara, da kuma birnin Filadelfiya na Amurka. An tara miliyoyin fam, kuma abinci da magani sun isa ga mutanen da ke bakin mutuwa. Adalci ne mu faɗi haka, kamar yadda adalci ne mu tuna cewa a 2010 BBC ta nemi gafarar masu Band Aid saboda rahoton da ya sa aka ɗauka cewa kuɗinsu ya tafi sayen makamai.

Amma wasan ya gabatar da yunwar kamar fari ne kaɗai ya kawo ta. Gwamnatin soja ta Mengistu tana yaƙi a Tigre da Eritiriya, tana kuma kwashe dubban ɗaruruwan manoma daga arewa zuwa kudu da ƙarfin bindiga, mutane da yawa suna mutuwa a hanya. Da ƙungiyar likitocin agaji ta Faransa, wato MSF, ta fito fili ta faɗi haka, sai aka kore ta daga ƙasar a watan Disamba na 1985. Mai rawa a Wembley ya bayar da nasa ya koma gida da sanyin zuciya, ba tare da ya ji wannan ɓangare na labarin ba.

Sai batun mutunci, wanda ya fi taɓa mu. Farin nan na 1984 ya ci arewacin Nijeriya da Nijar, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Ke nan mu muna cikin waɗanda ake nunawa a hoton. Sunan waƙar Band Aid kansa tambaya ce ko mutanen sun san lokacin Kirsimeti ya zo, alhali Habasha ta karɓi addinin Kirista tun ƙarni na 4. Da aka sake irin wannan taro a 2005 da sunan Live 8, an yi ta ƙorafin ƙarancin mawaƙan Afirka a manyan dandamali, har aka shirya musu nasu wasan dabam a Cornwall. An ciyar da mutum, an kuma yi magana a madadinsa kamar ba shi da baki. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da kusanci ke yi

Mu koma Seattle. Kada mu ƙawata labarin fiye da yadda yake: kuɗin da makaɗan suka tara ya ƙare ba a kama kowa ba. Sai a 2003 gwajin ƙwayoyin halitta ya kai 'yan sanda ga mai laifin a jihar Florida, aka yanke masa hukunci a 2004. Idan da kama mai kisa kaɗai za a auna wasannin, sai mu ce sun gaza. Amma waɗanda suka yi rawar nan sun san marigayiyar da sunanta da muryarta, kuma washegari sun bi titin da aka tsinci gawarta. Tsoron da ya kama matan garin nasu ne su ma. Shi ya sa da aka kashe fitilu ba su watse ba: Home Alive ta shafe fiye da shekara 15 tana koyar da kare kai, kuma sunan Mia Zapata bai ɓace daga bakin mutane ba cikin shekaru goman da aka yi ana jira.

Wannan shi ne sirrin gayya da ajo. Mai gona yana tsaye a gonarsa, shi ya nuna inda za a fara, kuma baɗi shi ma zai ɗauki fartanya ya je ta wani. A wurin ajo a bainar jama'a ake zuba kuɗi, kowa ya san hannun da suka shiga. Mai karɓa na yau shi ne mai bayarwa na gobe, don haka babu wanda ya ƙasƙanta. Nisa ne ke warware wannan igiya. Idan mai bayarwa bai san mai karɓa ba, daɗin da ya ji a daren wasa yakan zame masa rasit, ya ɗauka ya sauke nauyi.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, ra'ayinmu shi ne kiɗa ba ya ɓata sadaka, kamar yadda ganga ba ta ɓata noma. Abin tsoro shi ne a tafi gida da kiɗan a manta da gonar. Mu ma a nan makaranta mukan shirya wasa idan ɗan'uwanmu ɗalibi ya kwanta asibiti ko ya kasa biyan kuɗin rajista. Kafin mu liƙa takardar sanarwa, ya kamata mu fara zuwa wurinsa mu ji ko ya yarda a ambaci sunansa, da kuma abin da ya fi buƙata. Bayan wasa, a ƙirga kuɗin a gaban shaidu, a cire na haya da na lasifika, a liƙa lissafin a allon da aka liƙa gayyata. Sannan idan mako biyu ya wuce, kiɗa ya lafa, a samu waɗanda za su koma asibitin su duba shi.